Uwargida da Mota: Kar Ki Bar Tanki Ya Bushe

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, yawancinmu sai fitilar mai ta kama muke shiga gidan mai. To, famfon mai a cikin tanki yake, fetur ke sanyaya shi. In mai ya yi ƙasa, sai ya ɗau zafi har ya ƙone, wataƙila da magariba a Kakau, kan hanyar Abuja, ga yara a baya.

Da kin ji ƙugi ƙarƙashin kujerar baya, nemi bakanike. In za a canja, a sa daidai na motarki da sabuwar rariya. Babban famfo na motocin tsere ne, ba zai ƙara wa taki ƙarfi ba. Riƙa barin kwatan tanki.