Shirin Indiya da Sin, mu ma ribarmu ce

Ƴan uwa matasa, ku duba kwalayen maganin da ke gidajenku: da yawa daga Indiya suke. Ita kuma Indiya, yawancin sinadaran haɗa magani da take sayowa daga waje na Sin ne. Shi ya sa rigimarsu ta shafe mu.

A 2020 sojojinsu sun gwabza a Galwan, Indiya ta rasa 20, ta toshe TikTok, ta tsaurara wa jarin Sin. Duk da haka, cinikinsu ya haura dala miliyar 100 a 2021.

Ni dai ina goyon bayan kamfanoninsu su haɗa jari, su kafa masana'antun sinadaran a Indiya ma. In hanya guda ce kuma ta toshe, wallahi talaka ne zai ji a jikinsa a farmasin Maraɗi.