Wa Ya Kamata A Yi Wa Huɗubar Ranar Awo?

Duk ranar awo, malaman jinya sukan tara masu juna biyu a kan benci su karanto musu ƙa'idoji: ku ci ƙwai da hanta da wake da zogale, ku rage aikin ƙarfi, ku kwana cikin gidan sauro. Ba mu musa ko ɗaya daga ciki ba. Abin da muke ja da shi shi ne, ana ta yi wa doki faɗa, alhali kuwa mai riƙe da linzamin yana can waje.

Shin matar da sai abin da maigida ya ajiye na cefane take ɗorawa, ina za ta samo hantar? Mu kuwa maza mun san halinmu. Da an idar da sallar lisha sai teburin mai shayi, a soya mana ƙwai uku, mu ratsa wajen mai tsire, mu goge baki tun daga zaure, sa'an nan mu shiga mu tarar da ita da tuwo da miyar kuka, ko ƙashi babu. In ma ƙwan ya yi ɓatan kai ya shigo gida, sai uwar miji ta tare shi da camfi, wai ɗan zai tashi da sata. Mu dai ba mu taɓa jin alƙalin da ya ɗaure wani saboda uwarsa ta ci ƙwai ba.

Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, shi ya sa jikinta ke neman sinadarin ƙarfe fiye da da. In ta rasa, sai jiri da haki da ɗashewar ido, ranar haihuwa kuma zubar jinin da wata za ta jure ita ya kayar da ita. Hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga sau da yawa ba ya sallama, sai an auna ake gane shi. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan zuwa awo daga sau 4 zuwa aƙalla sau 8. To, wa ke ba da izinin fita? Wa ke ba da kuɗin mota? Wa ke cewa a bari sai ciki ya fito, don kunyar surukai, bayan kuwa tun a watan farko lakar jariri ke haɗuwa?

Saboda haka muna kira ga asibitoci su ƙara benci guda, su rubuta sunan mijin a katin awo, su ce ya zo ya zauna ya ji da kunnensa. Limamanmu kuma su ɗauki maganar zuwa mumbarin Juma'a, inda ba mu da hanyar zillewa.