Ɗalibanmu da Lalurar Ƙiba

Malam Edita,

Ina roƙon fili in bayyana abin da na gani ga ɗalibanmu na jami'o'i, waɗanda zaman aji tun safe har la'asar, da karatun dare bisa taliya da lemon kwalba, suka sa ƙiba ta kama da yawansu tun da ƙuruciya, alhali kuwa jama'armu har yanzu suna ɗaukar teɓa alamar wadata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da ƙiba mai tsanani, kuma ƙibar ce ƙofar ciwon sukari da hawan jini.

Na ga ƙanwata ta sha wa'azin likita kan ƙiba amma bai yi mata tasiri ba, domin al'ada ba ta sauyawa da nasiha kaɗai. Shawarata ita ce asibitocin jami'o'i su kafa halƙa ta mako-mako, inda ɗalibi zai rubuta abin da ya ci, ya hau sikeli cikin sirri, ya sami abokan tafiyar ƙasa ta minti 150 a mako, ba tare da izgili ba.

Wassalam,
Wani mai karatu, Zariya