Tashar Mota Ba Dandalin Fim Ba Ce

Jama'ar Arlit, Akokan da Agadas, yau kan masu kamara za mu tsaya. Ba mu da jirgin ƙasa, tashar mota ce mahaɗarmu, kuma nan ƴan telbijin na waje ke sauka duk lokacin da suke son hoton cunkoso. Ba sallama, ba neman izini, sai dai ka ga an auna ka.

A can Faransa, wa ya isa ya kafa kamara ya ɗauki fim cikin tashar Gare du Nord ta Paris haka kawai? Sai ya nemi izinin kamfanin SNCF, ya biya kuɗi, ƴan cika taro da ya ɗauko ma ya biya su ladarsu. To mu fuskokinmu kayan banza ne?

Ku duba su wa ke cikin tashar nan. Akwai ɗan kasuwa, akwai mai kai mara lafiya asibiti, akwai magidancin da aiki ya ƙare masa tun da aka dakatar da Imouraren, ko tun da COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021. Amma in hoton ya isa Turai, duka sunansu ɗaya: ƴan ci-rani. Matar da aka koro daga Aljeriya ta Assamaka, da goyo, ba ko takalmi, ita ma an haska ta. Kafin ta isa Kance, hotonta ya riga ta zuwa ta WhatsApp. Direbobi kuwa, a zamanin dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure, fuskarka a telbijin tana iya jawo maka kaso.

Za a ce ai da kamara duniya ke sanin halin da muke ciki. Haka ne. Amma Amina Weira, ɗiyar ma'aikacin ma'adinai, da ta yi fim kan ƙurar yuraniyom a 2016, zama ta yi da mutanen Arlit, suka yi magana da bakinsu. Ga yadda ake yi.

Don haka sandikan direbobi da magajin gari, ku kafa ƙa'ida: mai kamara ya nuna takarda, ya tambayi mutum da harshen da yake ji, wanda ya ƙi a rufe fuskarsa, yara kuwa a bar su. Kai kuma matafiyi, in an auna ka, ɗaga hannu ka ce a'a. Talauci bai cire wa kowa mutunci ba.