Ra'ayinmu: A Ɗauki Hoton Safana Tun Akwai Abin Ɗauka

'Yan'uwa ɗalibai, a hutun da ya wuce waɗansu daga cikinmu 'yan ƙasar Safana da Batsari muka shiga gidajen iyayenmu muna neman tsofaffin hotuna domin wannan mujalla. Mun sami na fasfo da na aure da na Salla, har da na alhazai a filin jirgi. Amma ko ɗaya ba mu samu ba wanda ya nuna kasuwa yadda take a da, ko bakin Dajin Rugu sa'ad da yake da duhuwa. Dattawa suna ba mu labarin kirya da marke da kaɗanya da suka cika wurin, da namun dajin da suke gani, mu kuwa sai dai mu gyaɗa kai, domin babu abin da za su ɗora mana a hannu su ce ga shi. Hausawa dai sun ce gani ya kori ji.

Wannan rashi ba ƙarami ba ne. Tun a shekarun 1960 aka keɓe dajin Ruma da Kukar Jangarai domin kiwo, aka yi masa madatsun ruwa, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Sa'an nan farin 1973 ya zo, na 1984 ya biyo baya, jama'a ta ƙaru, gonaki suka ci burtali, gatari ya ci itatuwa. Yau idan aka zauna muhawara a kan inda gona ta tsaya da inda makiyaya ta fara, kowa da abin da ya tuna, kowa kuma yana rantsuwa a kan nasa. Jayayya irin wannan tana cikin abubuwan da suka ɓata zaman manoma da makiyaya. Da akwai jerin hotuna masu kwanan wata, lalle da an sami shaidar da ba ta da ɗan'uwa a cikin masu gardama.

Wanda ke shakkar ƙarfin hoto, ya dubi maƙwabtanmu na Nijar. An daɗe ana cewa hamada ta gama da ƙasar Maradi da Damagaram. A shekarun 2000 sai wani masanin labarin ƙasa Ba'amurke, Gray Tappan, tare da abokan aikinsa, suka jera hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 kusa da sababbi. Sai ga shi itatuwan gonaki sun ninka na da. Ashe manoma ne suka riƙa barin tohon kututture ya girma, watau abin da suke kira sassaben zamani. An ƙiyasta itatuwan da suka dawo ta wannan hanya sun kai miliyan 200, a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Talakawa ne suka yi aikin, amma sai da hoto ya yi magana duniya ta yarda.

Birane ma haka abin yake. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987 birnin yake sake kama. Ganuwa ta zaizaye, an gina gidaje a wurare da dama inda take, an sake ƙofofi da siminti, a 2023 kuma aka buɗe hanyar ƙarƙashin ƙasa a Ƙofar Ƙaura. Ba mu ƙi ci gaba ba, mu ma muna son titi da asibiti da famfo. Abin da muka ƙi shi ne a sa katafila a rushe wuri ba tare da an bar wa jikoki kamanninsa ba.

Akwai kuma abin da ya fi ci mana rai. Shekara da shekaru ke nan, in ka ga hoton Safana ko Batsari a jarida, to, na gidajen da 'yan bindiga suka ƙone ne, ko na mata da yara ɗauke da ƙunshi sun baro ƙauye. Waɗannan hotuna gaskiya ne, ba mu ce a ɓoye su ba. Sai dai ƙasar Yariman Katsina da ta Sarkin Ruma ta fi haka faɗi. Ina hoton dammunan gero a kaka? Ina na gawo, wanda yake kakkaɓe ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma yi kore shar da rani lokacin da dabbobi suka fi bukatarsa? Wanda ya bar baƙo kaɗai ya ɗauki hoton gidansa, kada ya yi mamaki in an san shi da ranar makokinsa kawai.

Saboda haka ga shawararmu. Kusan kowannenmu yana da waya mai kyamara a aljihu. Kowa ya zaɓi wuri ɗaya a garinsu, ko Runka ne, ko Zakka, ko Wagini, ko Ruma: rijiya, ko kuka, ko bakin kasuwa, ko mashigin rafi. Ya tsaya a daidai wuri guda ya ɗauke shi sau huɗu a shekara, da bazara da damina da kaka da hunturu, ya rubuta rana da sunan wurin. Ƙungiyarmu ta tattara, ta wanke mafi kyau a takarda, domin waya takan faɗa ruwa ko a sace ta, ta kuma miƙa kwafe ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da Gidan Arewa na Kaduna. Ma'aikata matasa da ke ofisoshin gona da daji da safiyo su kuma su duba tsofaffin fayil-fayil kafin gara ta riga mu.

Sai dai a yi hattara. Kada kowa ya shiga daji don neman hoto, rai ya fi hoto. Kada a ɗauki fuskar mutum sai da izininsa, balle matan aure, kada kuma a watsa abin da zai jawo wa wani zargi ko farmaki. A fara gaida mai gari, a gaya masa abin da ya kawo mu.

Aikin ba ya bukatar kwangila ko kwamiti, sai dai haƙuri da naciya. Bayan shekara 20 ƙannenmu za su zo neman abin da muka nema a wannan hutu, to, kada su koma hannu wofi kamar yadda muka koma. Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, amin.