Ranar 15 ga Janairu Ba ta Sojoji Kaɗai Ba Ce

Kowace shekara, ran 15 ga Janairu, hukuma takan tuna da sojojinmu da suka kwanta dama. A yi fareti, a ajiye furanni, kowa ya watse. Wannan daidai ne. Amma a ganinmu ranar ta fi ƙarfin fareti, ya kamata a shigo da ita cikin aji.

A wannan rana ce, a 1966, waɗansu hafsoshin soja suka yi juyin mulki na farko a Nijeriya. Suka kashe Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna, da Akintola a Ibadan, suka ɗauke Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas, sai gawarsa aka tsinta. Sun ce gyara suka zo yi. Me ya biyo baya? Juyin mulkin ramuwa a watan Yuli, kisan 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, sannan yaƙin basasa na wata 30.

Shekara 4 cif bayan haka, ran 15 ga Janairu 1970, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a barikin Dodan. Yakubu Gowon yana da ikon ramuwa, amma ya shelanta cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci.

Can a Amurka kuwa, a wannan rana ta 1929 aka haifi Martin Luther King, fasto wanda ya yaƙi wariyar launin fata ba tare da bindiga ba. A Montgomery, baƙaƙen fata sun yi kwana 381 suna ƙin shiga bas, har kotu ta soke wariyar kujeru.

To, ga masu neman gyara da bindiga, ga mai nema da haƙuri. Wanne ya bar wa mutanensa alheri?

Waɗansu za su ce a bar kaza cikin gashinta, tone-tone ba ya kawo zaman lafiya. Mun ji. Amma yaron da bai ji labarin a aji ba, zai ji shi a bakin titi, inda kowane ɓangare yake ƙirga nasa matattun kaɗai.

Don haka muna roƙon malamanmu su keɓe darasi ɗaya a wannan mako, a ba mu labarin dukansa, daɗinsa da ɗacinsa. A ɗakin kwananmu akwai Angas, Bahaushe, Tibi da Ibo. Gara mu ji shi muna zaune tare.