Ranar da Hotuna Suka Ƙi Zama a Jadawali

Makonni uku da suka wuce, wata ƙungiyar manoma ta roƙe ni in taya ta shirya ɗan littafin da za ta raba wa membobinta kafin damina ta sauka. Zuciyar littafin jadawali ne guda: hoton abin da ke ɓata amfanin gona a gefe ɗaya, sunansa a tsakiya, sannan maganinsa. Fara, gara, tsutsar masara, wuta-wuta. Da yawa daga cikin waɗanda za su karɓi littafin da hoton za su gane abin da ake nufi, wani ya karanta musu sauran. In babu hoton, an yi asarar takarda.

Shekaru ke nan ina rubutu da Markdown, tsarin da John Gruber ya fitar a 2004, inda mutum ke rubuta zallar kalmomi da 'yan alamomi, kamar tauraro don kaurara kalma. In na gama sai in miƙa wa Pandoc, manhajar da John MacFarlane, malamin falsafa a jami'ar Berkeley ta Amurka, ya fara saki a 2006, ta mayar mini da shi Word ko PDF. Ban taɓa kuka da su ba sai a wannan aikin.

Da fari na yi ƙiwa. Wani yaro ya riga ya tsara jadawalin da harshen shafukan intanet, wato HTML, sai na kwafo na manna. A fuskar kwamfutata komai ya fito tsaf. Da na juya shi zuwa Word, hotunan suka yi ɓatan dabo, layukan jadawalin ma suka bi su, aka bar ni da sunaye a jere kamar lissafin cefane. Abin da ya fi ci mini rai shi ne manhajar ba ta tsaya ba, ta gama aikinta lafiya lau. Dalili kuwa, Pandoc yana ajiye alamomin HTML ne don shafin intanet kawai. In Word ko PDF aka nufa, sai ya tsallake su. Da gaggawa ta sa na aika wa maɗaba'a a daren nan, da an buga ɗaruruwan kofe babu fara babu gara.

Na sake gina jadawalin da sandunan tsaye, yadda masu Markdown suka saba. Hotuna suka dawo, amma da rashin kunya: hoton fara ya cinye faɗin shafi, ya tunkuɗa sunanta da maganinta bayan iyaka. A nan na daɗe ina duba, har na fahimci asalin cutar. Markdown na asali ba shi da jadawali sam, daga baya aka ɗora masa, kuma irin wannan na sanduna an yi shi ne don gajerun kalmomi da alƙaluma. Hoton wayar hannu kuwa yakan kai ɗigo 4,000 a faɗi. In aka auna shi da ɗigo 96 a kowane inci, ya haura mita guda. Manhajar tana rage shi har ya shiga shafi, amma ba wanda ya gaya mata girman gurbin da ake so ya zauna.

Magani bai kai cutar wuya ba. A bayan kowane hoto, ba tare da barin tazara ba, sai a rubuta width=3cm tsakanin baka biyu masu lanƙwasa. Na fi amincewa da santimita a kan kashi cikin ɗari, domin santimita uku ba ta canzawa ko ina aka kai ta.

Akwai kuma wani sirri da ya kusa wuce ni. In layi ɗaya na jadawalin ya zarce haruffa 72, kuma dogon sunan hoto kaɗai ya isa ya jawo haka, Pandoc yana raba faɗin ginshiƙai ne gwargwadon yawan karan-ɗorin da ke ƙarƙashin kanun jadawalin. Ni kuwa na zuba su daidai wa daida don kyan gani, sai ginshiƙin bayani ya matse. Na ba hoto kara goma, suna goma, magani talatin, sai kowa ya samu wurinsa.

Hoton wuta-wuta ne kaɗai ya ci gaba da gardama, kuma laifina ne: na canza masa suna a jakarsa, ban gyara a rubutun ba. Wannan karon manhajar ta yi kashedi cewa ba ta same shi ba, ni ne ban karanta ba.

Na buga gwaji a takarda, na kai wa wani dattijo cikin shugabannin ƙungiyar. Ya nisantar da ita daga idonsa, ya matso da ita, sannan ya ce, "Malam, wannan tsutsar ta yi ƙanƙanta, wa zai gane ta?" Na koma gida na mayar da ukun nan huɗu, jadawalin ya ƙaru da shafi guda, ma'ajin ƙungiya ya ɗan ɓata fuska, aka buga.